Gawayin da Aka Dafa a Ruwa: Tarihin Haidroca Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Kunyar Gona

A shekarar 1931 aka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai tsakanin Jamusawa biyu, Carl Bosch da Friedrich Bergius, saboda ƙwarewarsu wajen tilasta wa sinadarai haɗuwa a cikin tukwanen ƙarfe masu tsananin matsi. Bosch ne ya mayar da dabarar Fritz Haber masana'anta, har aka fara ciro naitirojin daga iska ana yin takin zamani da shi a garin Oppau a 1913. A wannan shekarar ce kuma Bergius ya wallafa bayanin yadda ya dafa tsiro a cikin ruwa har ya koma wani baƙin abu mai kama da kwal. Aikin Bosch ya shiga gona tun daga farko. Na Bergius kuwa sai da ya kusan cika shekara 100 kafin a yi tunanin zuba shi a kunya.

Wannan baƙin abu shi ne masana ke kira haidroca, ma'ana gawayin ruwa, domin a bambanta shi da bayoca, gawayin wuta da ake samu idan aka turara itace ko kara a inda iska ta yi ƙaranci. Launinsu ɗaya ne, kuma dukansu daga tsiro suka fito. Wannan kamannin ne ya sa aka ɗora wa gawayin ruwa fatan da aka gina a kan gawayin wuta, kafin gwaje-gwajen gona su nuna cewa kama da wane ba ta wane.

Neman asalin kwal

An haifi Bergius a 1884 kusa da birnin Breslau, wanda a yau yake cikin Folan. Ya yi aiki na ɗan lokaci tare da Haber a Karlsruhe, sannan ya kafa ɗakin gwajinsa a Hanoba. Tambayar da ta dame shi ta masu ilimin duwatsu ce: ta yaya dazuzzukan da ƙasa ta binne suka rikiɗa suka zama kwal? An yarda cewa zafi da matsi da tsawon zamani ne suka yi aikin. Bergius ya yi tunanin cewa idan aka ƙara zafin, za a iya rage zamanin. Sai ya zuba selulos, wato zaren da ke jikin kowane tsiro, da tsohon ruɓaɓɓen tsiron fadama a cikin tukunyar ƙarfe, ya ƙara ruwa, ya toshe ta, ya hura mata wuta har zafin ya haura digiri 300 a ma'aunin Salsiyas. Saboda tukunyar a toshe take, ruwan bai samu damar ƙafewa ba. Cikin sa'o'i kaɗan abin da ke ciki ya yi baƙi, sinadaransa kuma suka yi kusa da na kwal.

Bergius bai daɗe a kan wannan hanya ba. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne juya kwal ya zama man fetur ta hanyar cusa masa haidirojin, domin Jamus ƙasa ce mai kwal amma marar rijiyoyin mai. Kamfanin IG Farben ya buɗe masana'antar wannan aiki a Leuna a 1927, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu kaso mafi yawa na man jiragen saman Jamus daga irin waɗannan masana'antu ya fito. Ernst Berl na Darmstadt ya ci gaba da binciken dafa tsiro a farkon shekarun 1930, kafin zuwan 'yan Nazi ya sa ya yi ƙaura zuwa Pittsburgh a Amurka a 1933. Bayan yaƙin man fetur ya yi araha, batun ya koma cikin tsofaffin mujallu. Bergius kansa ya rasu a Ajantina a 1949. A duk tsawon wannan zamani makamashi ake nema, kuma ba a kawo zancen ƙasar noma ba.

Baƙar ƙasar Amazon

Fatan da aka ɗora wa gawayi a gona daga wata nahiya ya taso. A 1542 Francisco de Orellana ɗan ƙasar Sifen ya bi kogin Amazon har zuwa teku, kuma limamin da ke tare da shi, Gaspar de Carvajal, ya rubuta cewa sun ga garuruwa masu yawan jama'a jere a bakin kogin. Waɗanda suka biyo baya ba su tarar da waɗannan garuruwa ba, don haka aka ɗauki labarin a matsayin ƙarin gishiri. Akwai kuma hujjar da ta ƙarfafa shakkar. Yawancin ƙasar Amazon ja ce ko rawaya, mai tsami, kuma ruwan sama ya wanke mata abincin tsiro. Gonar da aka sare a irin wannan daji takan gaji bayan shekara biyu ko uku, don haka aka ga ba za ta iya riƙe babban gari ba.

Amma a wurare da dama, musamman kusa da Santarem da Manaus a Birazil, akwai filaye masu baƙar ƙasa wadda zurfinta kan kai mita 1, wani lokaci har 2. Mutanen yankin suna kiranta terra preta da harshen Fotugis, wato baƙar ƙasa, kuma sun daɗe da sanin cewa ta fi kowace albarka. Charles Hartt da Herbert Smith sun bayyana ta a shekarun 1870, amma masanin ƙasa ɗan Holan, Wim Sombroek, shi ne ya jawo hankalin duniya gare ta da littafinsa na 1966 kan ƙasar Amazon. Bincike ya nuna cewa tana cike da tsingaro, da ƙayar kifi, da ƙashin dabbobi, da toka, da gawayi. A farkon wannan ƙarni Bruno Glaser da abokan aikinsa suka auna, suka samu cewa gawayin da ke cikinta kan ninka na ƙasar da ke kewaye har sau 70. Yawancin filayen sun kai shekara 500 zuwa 2500. Ashe tsohon jujin garuruwan da cututtuka da mamayar Turawa suka shafe ne, kuma albarkarsa ba ta gushe ba.

Daga nan masana suka yi wani lissafi mai daɗin ji. Tsiro yana jan iskar kabon daga sararin sama. Idan ya ruɓe, iskar takan koma inda ta fito, amma idan aka mayar da shi gawayi aka binne, kabon ɗin zai zauna a ƙasa ɗaruruwan shekaru, ƙasar kuma ta gyaru. A 2006, a taron masana ƙasa na duniya da aka yi a Filadelfiya, aka aza harsashin ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta gawayin gona, inda Johannes Lehmann na Jami'ar Cornell ya kasance cikin jagororinta.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu

A daidai wannan lokaci ne Markus Antonietti da Maria-Magdalena Titirici, a Cibiyar Max Planck da ke Potsdam kusa da Barlin, suka farfaɗo da tukunyar Bergius. Sun nuna cewa ba a buƙatar zafin da ya yi amfani da shi. Digiri 200 ya wadatar, kuma ganyen itatuwa, da ɓawon lemo, da tukar da ta rage a masana'antar sukari duk sukan koma baƙi cikin dare guda. Sakamakon da suka wallafa a 2007 ya gabatar da dabarar a matsayin hanyar kama kabon ɗin tsiro kafin ya tsere.

Abin da ke faruwa a cikin tukunyar ba shi da wuyar fahimta. Ruwan da ya kai digiri 180 zuwa 250 a ƙarƙashin matsi yakan warware zaren tsiro ya mayar da shi sukari. Sukarin sai ya saki ruwan da ke jikinsa ya koma wasu ƙananan sinadarai, ciki har da wanda ake kira furfural. Waɗannan kuma su sake manne wa juna su zama ƙananan dunƙule masu launin ƙasa-ƙasa zuwa baƙi. Yawancin kabon ɗin yakan zauna a cikin daskararren, wani kaso ya narke a ruwan dahuwar, kaɗan kuma ya fita a matsayin iska.

Fa'idar dabarar a bayyane take. Gawayin wuta yana buƙatar busasshen abu da zafin da ya kai digiri 350 zuwa 700, don haka duk wanda ke son yin sa da jiƙaƙƙen abu sai ya fara kashe makamashi wajen busarwa. Gawayin ruwa kuwa jiƙaƙƙen ma yake so: dagwalon najasa na birane, ɗanyen kashin dabbobi, ragowar abinci, ciyawar ruwa. Zafin yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma abin da ya fito yana da sauƙin tsanewa. A 2010 kamfanin AVA-CO2 ya buɗe masana'anta a Karlsruhe, kamfanin Ingelia ya buɗe tasa kusa da Balensiya a Sifen, daga baya kuma TerraNova ya gina wata a birnin Jining na ƙasar Sin domin dagwalon najasa. Mutane da yawa suka ɗauka cewa an gano gajeriyar hanyar zuwa terra preta, cewa abin da mutanen Amazon suka tara a ƙarnuka za a iya dafa shi kafin gari ya waye.

Hukuncin gona

Gwaje-gwajen farko sun sanyaya gwiwa. A 2009 Sibylle Steinbeiss da Gerd Gleixner, tare da Antonietti kansa, suka gauraya gawayin ruwa da ƙasa suka auna saurin ruɓewarsa. Lissafinsu ya nuna cewa zamansa a ƙasa bai wuce shekara 4 zuwa 29 ba, gwargwadon abin da aka dafa da irin ƙasar. Wannan ya fi na ɗanyen kara, amma tazararsa da ƙarnukan Amazon mai nisa ce.

A 2010 Matthias Rillig da abokan aikinsa a Barlin suka ga cewa yawan gawayin ruwa a tukunyar shuka yana rage girman tsiro, duk da cewa ya ƙarfafa wani nau'in fumfuna mai amfani da ke zama a jikin saiwa yana taimaka wa tsiro jan abinci. A Jami'ar Giessen, ƙungiyar Claudia Kammann ta gwada shi da lansir da sha'ir, ta samu cewa sabon gawayin ruwa yana hana iri tsirowa, har ma tururin da ke tashi daga gare shi ya isa ya danne tsiron lansir. A Göttingen kuma, Ana Gajić da Heinz-Josef Koch suka zuba tan 10 a kowace hekta a gonar gwazar sukari, wato saiwar da Turawa ke tatsar sukari daga gare ta. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna cewa tsiron ya tsumbure a farkon girmansa, musamman a inda aka rage takin naitirojin. Inda aka ƙara takin kuwa, matsalar ta ragu. Abin da tukunyar Bergius ta hana tsiro, sai da aka sayo daga masana'antar Bosch aka biya.

Dalilai uku ne suka haifar da wannan. Na farko, dahuwar tana barin sinadarai masu cutar da ɗan tsiro a jikin gawayin: furfural da danginsa, da finol, da wasu sinadarai masu tsami. Iri mai shirin tsirowa shi ne ya fi rauni a gabansu.

Na biyu ya fi muhimmanci. Kabon ɗin gawayin wuta a ɗaure yake cikin wani tsari mai tauri da ƙananan halittun ƙasa ba sa iya ci sai a hankali. Wani kaso mai yawa na kabon ɗin gawayin ruwa kuwa abinci ne mai laushi. Da zarar ya shiga ƙasa sai ƙananan halittun su far masa, su hayayyafa, kuma domin gina jikinsu suna buƙatar naitirojin. Idan abin da aka zuba yana da kabon da ya ninka naitirojin fiye da sau 25 ko 30, sai su kwashe wanda ke cikin ƙasa, wanda saiwa ke jira. Naitirojin ɗin bai ɓace ba, zai dawo idan halittun suka mutu suka ruɓe. Sai dai tsiron da ya rasa abinci a makonninsa na farko ba lallai ya murmure ba. A gwajin Göttingen, gawayin da aka yi da tukar gwazar sukari, mai ƙarancin naitirojin, ya fi yin ɓarna a kan wanda aka yi da dusar sha'ir mai wadatarsa.

Na uku shi ne tsami. Gawayin wuta yana ɗauke da toka, don haka yana aiki kamar kanwa, yana kashe tsamin ƙasa. Nazarin da Simon Jeffery da abokan aikinsa suka yi a 2017, wanda ya haɗa gwaje-gwaje masu yawa, ya nuna cewa gawayin wuta ya ƙara amfanin gona da kimanin kashi 25 cikin 100 a ƙasashe masu zafi, alhali a ƙasashe masu sanyi kusan bai ƙara komai ba. Babban dalilin shi ne gyaran tsami da abincin da ke cikin tokar. Gawayin ruwa kuwa yawanci shi kansa mai tsami ne, fotashiyam ɗinsa kuma yakan narke ya bi ruwan dahuwar. Ƙananan ramukan da ke jikinsa ma ba su kai na gawayin wuta yawa ba.

Ƙa'idar tantance gawayin gona da aka fitar a Turai ta zana iyaka da lamba: adadin ƙwayoyin haidirojin idan aka kwatanta da na kabon kada ya wuce 0.7. Gawayin ruwa yakan haura wannan iyaka, don haka a hukumance ba a lissafa shi a cikin dangin bayoca.

Abin da ya rage bayan an sauke fata

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa yawancin illar ta sabon gawayi ce. Idan aka wanke shi, ko aka bar shi ya sha iska, ko aka gauraya shi da taki suka ruɓe tare, ko aka zuba shi makonni kafin shuka, ƙananan halittu sukan cinye sinadaran masu cutarwa, yunwar naitirojin kuma ta lafa. A ƙasa mai yashi an ga ya ƙara riƙe ruwa, ko da yake idan ya bushe ƙarau wani lokaci yakan ƙi jiƙa. Tsaminsa na iya zama alheri a ƙasa mai kanwa. Wanda aka yi da kashin dabbobi ko dagwalo yana riƙe yawancin fosfaras ɗinsa, kuma wannan ya ƙara masa daraja tun da Jamus ta yi doka a 2017 cewa daga 2029 manyan matatun najasa su riƙa ceto fosfaras daga dagwalonsu. Sai dai ƙarafa masu guba da ke cikin dagwalon, irin su dalma, su ma a cikin gawayin suke taruwa, don haka dole a auna kafin a kai gona.

Idan aka haɗa waɗannan, gawayin ruwa ya fi kusa da ɗanyen taki fiye da gawayin murhu. Yana da amfani, yana ciyar da halittun ƙasa, yana ƙarewa cikin shekaru, kuma idan aka yi gaggawar kai shi gindin shuka yakan ƙone ta.

Hatta labarin terra preta an sake karanta shi. Gawayi ɗaya ne daga cikin abubuwan da suka gina ta. Fosfaras da kalsiyam daga ƙashi da ƙayar kifi suka fito, naitirojin daga ragowar abinci da bahaya, sauran aikin kuma tsawon zamani ne ya yi shi. A 2016 Dawit Solomon da Lehmann, tare da James Fairhead da Melissa Leach, suka bayyana irin wannan baƙar ƙasa a kewayen ƙauyukan Laberiya da Gana, inda har yau mata ke gina ta da toka da gawayi da sharar gida, suna shuka a kanta.

Abin da tarihin ke nufi ga ƙasar Hausa

Wannan dabi'a ba baƙuwa ba ce a arewacin Najeriya. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da shara da toka da kashin dabbobi, abin da ya sa ake noma gonaki ɗaya kowace shekara ba tare da hutu ba. Manomin da ya gaji wannan aiki ya san cewa da rani ake kai taki gona, a jibge shi ya huce kafin ruwa ya sauka.

Akwai kuma jiƙaƙƙen abin da yankin ya rasa yadda zai yi da shi. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kwararar ruwa a kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kacala ta mamaye magudanai da fadamun Haɗeja da Nguru, ta hana noma da kamun kifi. Ga kuma dagwalon kwatoci da mahauta a manyan birane. Irin waɗannan ne abubuwan da tukunyar Bergius ta fi dacewa da su, kuma ba mamaki a ji masu kawo shawarar a gwada.

Duk wanda irin wannan shawara ta zo teburinsa, a ma'aikata ko jami'a ko banki, yana da abin da zai auna ta da shi. Ƙasar jigawa a yankin mai yashi ce, mai ƙarancin ruɓaɓɓen tsiro da naitirojin. Lokacin da shugabannin Afirka suka yi taron taki a Abuja a 2006, matsakaicin abincin tsiro da manomi ke zubawa a ƙasashen kudu da Sahara kimanin kilo 8 ne a hekta, suka sa burin kaiwa kilo 50. Manomin Göttingen zai iya rufe giɓin naitirojin da ƙarin buhu. Wanda ya sayi rabin buhun yuriya da kyar domin masararsa ba shi da wannan rarar, kuma damina ta wata huɗu ba ta ba tsumburarren tsiro lokacin farfaɗowa. Ita kanta tukunyar tana buƙatar ƙarfe mai jure matsin da ya ninka na iska sau 10 zuwa 40, da makamashi, da wurin kai baƙin ruwan dahuwar, wanda idan aka zubar da shi barkatai zai gurɓata rafi.

Tambayoyin da shekara 15 na gwaji suka bari a hannu a fili suke: da me aka dafa shi, nawa ne naitirojin ɗinsa idan aka kwatanta da kabon, an bar shi ya ruɓe tare da taki ko ɗanye aka kawo shi, an auna ƙarafan da ke cikinsa, kuma a wace irin ƙasa aka gwada shi har tsawon damina nawa. Gwajin lansir da aka yi a Giessen ba ya buƙatar komai sai kwano da iri da 'yan kwanaki, kuma kowace kwalejin aikin gona na iya yin sa kafin a zuba buhu ɗaya a gonar manomi.